Idon Barnabas da Fuskar Kwamfuta

Nasiba ta gama karatun kwamfuta a Yola ta dawo gidan iyayenta a unguwar Sintali da ke Jalingo, tana jiran aikin da bai ce ga ranar zuwansa ba. Da rana tana koya wa 'yan sakandare buga rubutu a wani shago, da yamma kuma ta zauna gindin mangwaron tsakar gida da laftof a cinya, tana rubuta ƙananan manhajojin da ba wanda ya sa ta.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da na Mama Alisabatu, wata Mumuye 'yar wajen Zing, wadda ta yi shekaru tana aikin nas a wani ƙaramin asibitin ido a Yelwa. Ita da mahaifiyar Nasiba aminai ne tun suna amare. In ta taso daga aiki, nan take fara yada zango ta sha ruwa ta sauke gajiya da baki. Wata ranar damina ta shigo tana mita a kan allon gwajin idon asibitinsu. Takarda ce da aka liƙa a bango tun kafin ta fara aiki, mai ɗauke da harafin E a jere, manya a sama, suna ƙanƙancewa har ƙasa. Harafin kamar cokali ne mai yatsu uku, wani yatsunsa na kallon sama, wani ƙasa, wani gefe. Wanda ake gwadawa ba sai ya iya karatu ba, da hannu kawai zai nuna inda yatsun suka fuskanta. To takardar ta koɗe, danshi ya ci gefenta. Abin da ya fi damun Mama Alisabatu shi ne direbobi masu neman shaidar lafiyar ido. Suna zaune a kan benci suna leƙen allon ta ƙofa, kafin layi ya zo kansu sun haddace shi tsaf.

Nasiba ta ce ai wannan abu ne mai sauƙi. Za ta rubuta manhajar da za ta nuna haruffan a fuskar kwamfuta, kuma duk wanda ya zauna sai ta juya masa su dabam, ta yadda hadda ba za ta yi wa kowa rana ba. Mama Alisabatu ta kai maganar wurin mai asibitin, Likita Elias, mutum mai ƙarancin magana da yawan tambaya. Ya ce ba laifi, amma ta sani girman harafin shi ne gwajin gaba ɗaya. Ya rubuta mata girman da kowane layi ya kamata ya kasance in mutum yana zaune mita uku daga allo. Layin da ke nuna lafiyayyen ido, harafinsa bai kai milimita biyar ba.

Nasiba ta duƙufa. Ta sayo rula, tana ɗora ta a fuskar laftof ɗinta tana awon kowane harafi, tana gyarawa, har kowane layi ya zauna daidai da abin da Likita ya rubuta. Ta kai ta nuna masa, shi ma ya auna a laftof ɗin ya gamsu. Aka kwafi manhajar aka sa a kwamfutoci biyu: tsohuwar da ke ɗakin Mama Alisabatu, mai ƙatuwar monita kamar akwatin talabijin, da sabuwar siririya mai fuska tangaran da ke kan teburin Likita. Mama Alisabatu ta ciro tsohuwar takardar daga bango ta naɗe ta jefa saman kabad.

Kwanaki kaɗan komai ya tafi lafiya, har ranar da wani direba mai suna Barnabas ya zo. Wata ƙungiya ce za ta ɗauke shi tuƙin motar kai magani ƙauyukan bayan dutse, kuma ba abin da ya rage masa sai shaidar ido. Ya daɗe yana jan keke mai ƙafa uku a gari, wannan aikin kuwa shi ne wanda ya jima yana roƙon Allah. Mama Alisabatu ta gwada shi a ɗakinta ya wuce kowane layi ba gargada. Da ya shiga wurin Likita don sa hannu, Likita ya sake gwada shi kamar yadda ya saba yi wa direbobi. A nan Barnabas ya yi turus. Layuka biyu na ƙarshe suka gagare shi. Ya murje ido, ya matse su, ya miƙa wuya, ba abin da ya gani sai ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda. Likita ya ce ba zai iya sa hannu ba.

Barnabas ya fito ya zauna a benci ya haɗa kai da gwiwa. Mama Alisabatu ba ta yarda ba, don ta ga yadda ya bi layukanta kamar yana shan ruwa. Ta hau kujera ta ciro tsohuwar takardar daga saman kabad, ta kakkaɓe ta, ta roƙi Likita ya gwada shi da ita. Aka manna ta a bango, aka juya ta ƙasa ta koma sama saboda kada a ce hadda ce. Barnabas ya karanta har layin ƙarshe. Likita ya duba cikin idonsa da fitila, bai ga komai ba sai lafiya. Ya sa masa hannu ya ba shi haƙuri, sannan ya ce a kashe manhajar a ɗakunan biyu, a kira masa Nasiba.

Ta zo da rularta a jaka. Ta fara ɗora ta a sabuwar kwamfutar Likita, ta ga harafin ya ƙanƙance, bai wuce biyu bisa uku na girman da ya kamata ba. Ta koma ɗakin Mama Alisabatu ta auna, nan kuma ya kumbura ya wuce ƙima. Sannan ta lura da wani abin da ya fi wannan muni. Layin ƙarshe, mafi ƙanƙanta, ba ya fitowa sam a tsohuwar monitar. Ya shige ƙarƙashin shingen nan na ƙasan fuska, inda agogo da maɓallan buɗe manhajoji suke zama. Ita Nasiba ta saba ɓoye nata shingen a laftof ɗinta, shi ya sa ba ta taɓa lissafi da shi ba. Mama Alisabatu kuwa ta ɗauka inda idonta ya tsaya nan allon ya ƙare.

Nan Nasiba ta gane abin da ta yi. Fuskar kowace kwamfuta ƙananan ɗigon haske ne aka jera, kuma ita da ɗigo ta ƙayyade girman harafinta. Ɗigon laftof ɗinta dabam, na sabuwar kwamfuta ƙanana ne a cushe, na tsohuwar kuma manya ne a wawware. Ta yanka riga a jikin mutum ɗaya ta ce kowa ya sa.

Likita bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya ce na Barnabas an gano an gyara. Waɗanda suka fi damunsa su ne waɗanda aka gwada a ɗakin Sista Alisabatu, aka ce musu idonsu lafiya alhali an nuna musu harafi babba. Ya sa Mama Alisabatu ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta waya su dawo. Nasiba ta ce ita za ta zauna ta yi kiran. Ta wuni tana bayani da Hausa, da Fulatanci, da Turanci, wani ya fahimta, wani ya gaya mata maganar da ba za ta maimaitu ba. Cikin waɗanda suka dawo, aka sami wata malamar firamare da lallai tana bukatar tabarau.

Da za ta tafi, ta tsaya a bakin ƙofar Likita ta ce, "Likita, ka ba ni izini in gyara."

Ya ɗago ya dube ta. "Gyarawa naki ne, ba sai da izinina ba. Sawa a ɗakina kuma wata magana ce dabam."

A keke, kan hanyar gida, Mama Alisabatu ta dafa mata gwiwa ta ce, da Hausarta irin ta Jalingo, "'Yata, kwamfuta ɗin ne bai faɗa miki gaskiya ba." Nasiba ta ce a'a, Mama, ita ce ba ta tambayi kwamfutar ba. Tana faɗin haka ta ji ta kama bakin zaren. Kwamfuta ta san abubuwa da yawa game da fuskarta, kuma tana gaya wa duk manhajar da ta tambaye ta.

Ta warware aikin daga tushe. Sabuwar manhajar ba ta zana komai sai ta gama tambayoyinta. Fuska nawa ce a haɗe da wannan na'ura, kuma a kan wacce aka buɗe ni? Ɗigo nawa ne a faɗinta da tsawonta, kuma faɗin nan milimita nawa ne a zahiri? Sai ta duba ko mai kwamfutar ya ƙara wa rubutu girma don idonsa, saboda wannan ma yana sauya lissafi. Daga ƙarshe ta tambayi abin da ya cuci Mama Alisabatu: in an cire shingen agogo, ko a ƙasa yake, ko a sama, ko a gefe, wane fili ne ya rage wanda ido zai gani? A cikin wannan filin kaɗai take jera haruffa. In filin bai isa ba, ba ta matse su ba ta kuma bari wani ya faɗa waje, sai ta riƙa nuna layi ɗaya-ɗaya.

A laftof ɗinta komai ya fito daidai, amma yanzu ta daina yarda da laftof ɗinta. Ta tafi bayan Kasuwar Jalingo, shagon wani mai gyaran kwamfuta da ake kira Rufus, wanda suka yi sakandare tare. Shagon cike yake da monitoci na hannu, manya da ƙanana, wasu an jibge su har rufi. Ta gaya masa abin da take so, ya yi dariya ya ce duk wadda ta kunnu tata ce. Suka yi ta jonawa suna cirewa, ita tana awo shi yana neman waya, janareton maƙwabci na ruri, masu dakon doya na wucewa ta bakin ƙofa. Monita bayan monita, rula na sauka daidai a kan harafi. Nasiba ta fara jin ƙirjinta na buɗewa.

Sai suka zo kan wata baƙar monita da ba ta da ramin waya irin na zamani, sai da Rufus ya sa mata wani ɗan mahaɗi a tsakani. Harafin ya fito ƙato. Nasiba ta duba amsar da na'urar ta ba manhajarta, ta ga monitar da faɗinta ya kusa kamu biyu an ce ita ƙarama ce kamar littafi. Suka gwada wata tsohuwar talabijin, ita kuma ta ce ba ta da faɗi ko kaɗan. Rufus ya ce ai haka suke, mahaɗan nan masu araha duk abin da ya zo bakinsu shi suke faɗa. Nasiba ta zauna a kan wani kwali. Tambaya ta yi amfani, amma ga shi wani lokaci amsar ƙarya ce.

Ta ce to sai a sa duk mai amfani da manhajar ya auna da rula kafin ya fara. Rufus ya ce ta je asibitocin ƙauye ta nemo masa rula guda, in ta samu ya ba ta shagon. Yana cikin maganar wata mata ta leƙo tana tambayar ko yana da na'urar cirar kuɗi, katinta a hannu. Nasiba ta bi katin da kallo. Ta ciro nata daga jaka, ta karɓi na Rufus, ta haɗa da katin shaidar ɗan ƙasa, ta jera su ta ga bakinsu ɗaya, kamar yadda ta taɓa karantawa cewa girmansu ɗaya ne a ko'ina. Ba nas ɗin da za a rasa kati a jakarta.

Ta ƙara wa manhajar mataki guda. Bayan ta gama tambayar na'ura, sai ta zana hoton kati a tsakiyar fuska, ta ce a ɗora kati na gaske a kai. In sun yi daidai, a danna a wuce. In ba su yi ba, a ja hoton har ya zauna a bakin katin, daga nan manhajar ta yi watsi da abin da na'ura ta faɗa ta riƙe abin da ido ya gani. Kuma duk ranar da aka sauya monita ko aka taɓa girman rubutu, za ta lura ta ƙi nuna harafi ko ɗaya sai an sake ɗora kati.

Da ta koma asibiti, Likita Elias bai yi mata maraba da hannu biyu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ya jira aka sallami marasa lafiya, ya ɗauko rularsa ta ƙarfe, ya ja kujera. Ya auna a kwamfutarsa. Ya ƙara girman rubutu ya sake aunawa. Ya je ɗakin Sista ya sa aka ja shingen agogon ya yi kauri, ya mayar da shi gefe, ya ga haruffan sun matsa sun ba shi wuri ba tare da girmansu ya motsa ba. Ya sa aka ɗauko tsohuwar monitar aka jona ta a kwamfutarsa, ya ja manhajar daga wannan fuska zuwa waccan. Tana tsallakawa ta ɗauke haruffanta ta nemi kati. Nasiba na tsaye a bayansa tana kallo.

Ya ajiye rular ya ce zai sayo sabuwar takardar gwaji, kuma na ɗan lokaci duk wanda ya zo za a gwada shi da takarda a gwada shi da kwamfuta, a gani ko za su saɓa. Aka yi haka har damina ta ja baya. Ba su saɓa ba ko sau ɗaya.

Bayan an girbe masara, wata makarantar sakandare a bakin gari ta roƙi asibitin ya zo ya duba idon ɗalibanta. Ɗaliban sun fi ƙarfin takarda ɗaya da nas biyu. Amma makarantar na da ɗakin kwamfuta, irin wanda aka tara kayansa daga kyautar wannan da ta wancan, babu biyu masu kama da juna. Likita da kansa ya kira Nasiba ya tambaye ta ko manhajarta za ta iya da su. Ta ce za ta iya.

Da sassafe ta je ta bi kwamfutocin da filash ɗinta tana sa musu manhajar. Aka juya tebura, aka auna mita uku daga kowace fuska aka ja layi da alli a ƙasa. An gayyato wasu ma'aikatan lafiya daga ƙauyukan kewaye su taimaka, ta nuna musu yadda ake ɗora kati, kowa ya ciro nasa ya yi da hannunsa. Kafin hantsi ɗakin ya cika da 'yan makaranta, kowane layi da mai gwada shi, hannaye na nuna sama da ƙasa da gefe. Masu wayon cikinsu suka yi ƙoƙarin raɗa wa na bayansu amsa, sai suka ga haruffan sun juya. Nasiba tana zagayawa da rula tana aunawa a asirce, har ta gaji ta mayar da ita jaka. Kafin la'asar an gama da kowa, an ware waɗanda za su je asibiti a duba su sosai. Akwai wata yarinya 'yar aji uku da babban harafin ma da ƙyar ta gan shi, malaminta ya tsaya yana salati, ya ce shekara biyu tana zaune a bayan aji.

Da aka taru a ofishin shugaban makaranta ana shan ruwa, shugaban ya tambayi Likita daga wace ƙasa suka sayo wannan manhaja, don yana son ya gaya wa takwarorinsa. Likita Elias ya nuna Nasiba da kofin da ke hannunsa.

"Daga Sintali," in ji shi. "Ga injiniyar nan zaune. Na gwada aikinta ta duk inda na san ana gwada abu, ban sami inda zan kama ta ba."

Nasiba ta sunkuyar da kai, amma murmushin ya ƙi ɓoyuwa. Ta san mutumin nan ba ya yabon abin da bai auna ba.

Cikin ma'aikatan da aka gayyato akwai wata Cecilia, mai kula da wani ɗakin shan magani a kan duwatsun Yorro. Ta biyo Nasiba har waje ta ce tana da tsohuwar kwamfuta da ke aiki da hasken rana, tana son a sa mata. Sai dai tsofaffin da ke zuwa wurinta ba su jin Hausa sosai, ko za a iya sa manhajar ta yi musu bayani da Mumuye? Nasiba ta ce za a iya, in an sami mai murya. Mama Alisabatu, wadda ke bayansu da jakar kayan aiki, ta ce mai murya kuma ai ga ta nan, shekara nawa tana jan waƙa a coci. Cecilia ta ce Mumuyen Zing dabam da na wajensu, tsofaffinta za su yi dariya. Nan gardama ta kaure a kan yadda ake cewa "sama" da "ƙasa", har mai keken da suka tsayar ya gaji da jira ya yi musu oda.

Nasiba da Mama Alisabatu suka shiga, da wani dattijo ɗauke da kaza da ya riga su zama. Ba wanda ya tambayi Mama Alisabatu komai, amma tun kafin su hau babban titi ta fara ba dattijon labari, cewa wannan yarinya da yake gani a hannunta ta girma, ita ta goya ta ranar da uwarta ta je awo, kuma yau ɗaruruwan ɗalibai aka duba da abin da ta ƙera da kanta. Dattijon ya gyara wa kazarsa zama, ya leƙo ya dubi Nasiba da kyau, ya ce da Fulatanci Allah ya yi albarka. Sannan ya tambaya ko asibitin na buɗewa ranar Asabar, don shi ma idonsa na hagu ya fara yi masa hazo. Nasiba ta ce suna buɗewa, ya zo da wuri kafin benci ya cika.